Ranar Wasan Jikana Bulus

Ranar da jikana Bulus zai buga wa garinmu Madakiya ƙwallo, na sha ɗauri, na tsaya ƙofar Saratu, maƙwabciyata mai taƙama da talabijin. Na ce, "Yau dai gidanki ba kowa, duk gari na wajen jikana!"

Ashe lokacin ne 'yan Najeriya ma za su buga, har an ɗage namu. Na kafa kujera a filin firamare, daga ni sai awaki, ina jiyo ihu daga gidan Saratu, zuciyata na yaji kamar citta. Da na leƙa, ga Bulus a sahun gaba, yana shan kununta!

Har yau a coci Saratu kan ce, "Ku matsa wa Koci, ta sha rana."