Geron da na shuka a ɓoye

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama kakakin masu hasashen ruwa a ƙauyenmu ba. Daga Kano suka zo neman mai jin Turanci, aka tura musu ni (a aji biyu na bar sakandare, kada ka ɗauka wani abu ne). Suka tara mu, wakilan ƙauyuka, a garin Zakirai. Babbarsu, wata Hajiya mai tabarau, ta ce yanayi ya canza, damina ta daina bin ƙa'idar da iyayenmu suka sani. Bana ruwan farko na yaudara ne, zai sauka ya ɗauke, wanda ya yi shuka zai yi asarar iri. Wai kuma gwamnati za ta kawo iri mai saurin nuna. Har yau muna jira.

Na dawo da hular hana-sallah da suka raba mana, na tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ina ɗaga murya, kowa ya riƙe irinsa. Baba Ɗanjuma, tsohon da muke iyakar gona, ya ce, "Kai ɗan boko, yaushe aka fara shawara da kai a sama?" Na ce masa zamanin jahilci ya wuce. A gaban jama'a fa.

Sai ruwa ya sauka, mai ƙarfi. Jama'a suka ji maganata suka zauna. Ni kuwa na kasa. Rumbu ya kusa ƙarewa, ga ƙamshin ƙasa, ga shakkar ko Hajiya ta yi kuskure. Ranar kasuwa da gari ya watse na saɓi sungumi na shuke gonata ta bayan gari da ɗan irin da ya rage mini. Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke kamar yadda aka faɗa.

Ana cikin wannan farin sai ga motarsu da mai ɗaukar hoto, wai za su nuna wa duniya gonar manomin da ya ji shawara, wato ni. Na ce hanya ba kyau. Mai unguwa ya ce ai kusa ne. Rabin gari ya bi mu.

Ga gero nan ya ƙone, layi-layi. Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Malam, wannan fa?"

Na ce, "Gyauro ne, Hajiya, da kansa ya fito."

Baba Ɗanjuma ya auna tsakanin ramuka da ƙafarsa. "Ikon Allah! Gyauro a kan layi, taki ɗaya-ɗaya. Wannan gyauron ma ya yi boko."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi a ɗauki hoton, ba su taɓa samun misali mai kyau haka ba. Aka ɗauke ni tsaye a ciki.

Da ruwan gaske ya zo, wajen tsohon nan na je roƙon iri. Ya auna mini ya koma aikinsa, da ma zagina ya yi. Kuma damina ta ɗauke da wuri, da ni da masu jiran duk ba wanda ya cika rumbu.

Abin da na koya shi ne, in har asarar ba makawa, ka yi ta bakinka a rufe.