Kajin Inna Barira Da Makullin Mai Girma

Jama'a, ranar Talatar nan saura ƙiris in kwana a bayan kanta, kuma ba sata na yi ba, ban mari kowa ba. Laifina ɗaya, na ɗaga zarto a gaban kwaɗo. Ni Badamasi, da na yi furfura a gyaran ƙofofin shaguna a Birnin Kudu, wanda in sakata ta maƙale tun daga tasha har bakin asibiti sunana ake kira, wai ni ne mai yi wa ci gaba zagon ƙasa. Ku gyara zama in ɗauko muku daga farko.

Kun san sababbin shagunan nan da aka jera a bakin titin da ya nufi Gwaram, masu koren fenti. Wani kwamiti ne ya gina su, mai dogon suna, wanda in ka fara karanta allonsa a kan babur sai ka wuce wurin ba ka kai ƙarshe ba. Aka raba wa masu ƙaramin ƙarfi, Allah ya saka da alheri. Cikin waɗanda suka dace har da Inna Barira, wata dattijuwa daga wajen Unguwar Ya. Kiwon kaji ne cinta da shanta, da su take riƙe da jikokin da ɗanta ya rasu ya bar mata.

Sai aka ce Mai Girma Babban Baƙo zai zo ya buɗe shagunan da hannunsa mai albarka. Sakataren kwamitin, wani mai hula a karkace da waya uku, ya tara mutane da sassafe ya ce Mai Girma ba ya buɗe shago fanko, hoto ba ya kyau. Kowa ya zuba hajarsa. Mai atamfa ya jera atamfa, mai robobi ya jera robobi. Inna Barira ta ce za ta kawo 'yan kaji kaɗan na gani.

Sakatare ya ce, "Haba Inna, kaɗan kuma? So kike a ce ba mu tallafa wa mata ba? Duka za ki kwaso."

Ta kwaso duka, har da masu ƙwai, har da 'yan tsaki. Da aka gama zubawa sai aka ja ƙofofi aka datse, aka karɓe makullai aka jera a faranti aka rufa ƙyalle. Dalili kuwa mai ƙarfi ne, ni kaina na jinjina wa wanda ya yi tunaninsa: in Mai Girma ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe, to me zai buɗe? Aka ce wa Inna Barira kada ta damu, kafin azahar an gama.

Azahar ta yi. La'asar ta kawo kai. Makaɗa suka gaji suka kwanta a kan gangunansu. Can sai labari ya zo cewa wani muhimmin aikin ƙasa ya riƙe Mai Girma, sai gobe. Daga baya muka ji muhimmin aikin walima ce. Sakatare ya faɗa mota ya bi shi birni don ya jaddada gayyata, da farantin makullai a kujerar baya. Wayoyin nan uku kuwa duk a kashe.

To ku tuna bazara muke ciki. Rufin kwano ne, ƙofar ƙarfe ce, taga kuma babu, an ce tana cikin kashi na biyu na aikin.

Malam Iliyasu tela, maƙwabcina, shi ma ya samu shago a layin, shi ya zo ya ɗauke ni a kan kekensa. Babur ɗina yana gidan mai tun asuba, na bar shi ya riƙe mini layi. Muna isa na tarar da Inna Barira ta manna kunne a jikin ƙofa, ƙarfen da ko hannu ba ya ɗoruwa a kai don zafi.

Ta ce, "Malam Badamasi, ɗazu kuka suke yi. Yanzu kukan ma ya ragu. Ka taimake ni don Allah, su ke nan gare ni."

Wallahi raina ya ɓaci. Na sauke jaka na zaro zarto. Kafin in ɗora a kan kwaɗon sai ga Yunusa mai gadi da gudu, da gorarsa da usur a wuya. Yunusa yaron kirki ne, ni na gyara ƙofar ɗakin amaryarsa.

Ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri. An ce kwaɗon nan kayan hukuma ne har sai an ƙaddamar. Duk wanda ya taɓa, in busa usur a zo a tafi da shi. In ban busa ba, da ni za a tafi."

Na ce, "Kajin fa? Su ma kayan hukuma ne?"

Ya ce, "Ba a ba ni umarni a kan kaji ba, Baba."

Na ce zan yanke in sa sabo daga aljihuna, wanda ya fi wannan nagarta. Ya ce ai makullin da ke faranti ba zai buɗe sabon ba, Mai Girma zai ji kunya a gaban jama'a. Yana faɗa yana hawaye, ga wasu ƙarti biyu 'yan sa-kai sun matso sun tsaya a kaina, ɗaya har ya riƙe mini hannun riga. Inna Barira da kanta ta ce in mayar da zarto, ba ta so a ɗaure magidanci saboda ita. Na mayar, ina huci.

A nan ne ya zama dole in yaba wa ɗan kwangilar da ya yi aikin, kuma ina roƙon a ƙara masa wata kwangilar. Bawan Allahn nan ya tsuke ƙarfe har ƙofar ba ta kai ƙasa ba, ya bar tazarar da tafin hannu ke shiga a kwance. Da wani mai tsoron Allah aka ba aikin, da ƙofa ta zauna daram, da ko kaza ɗaya ba ta kai magariba ba. Ta wannan kafa muka riƙa tura ruwa a murfin tukunya, muna watsa dusa. Malam Iliyasu ya kwanta rub da ciki da faifai yana yi wa kaji fifita ta ƙarƙashin ƙofa, mutumin da ko matarsa bai taɓa yi wa fifita ba. Muka jiƙa buhuna muka wurga kan kwano. Yunusa ya juya baya ya ce shi bai ga komai ba, daga baya ma shi ya riƙa ɗebo ruwan.

Matsalar ita ce, ƙarfafan ne ke tare bakin ƙofa su sha. Na can ƙurya ba mu san halin da suke ciki ba. Inna Barira a nan ta kwana a kan tabarma.

Washegari rana ta take sosai kafin mu ji jiniya. Motoci suka yi ta shigowa, ni dai ban san inda suke samun mai ba, wataƙila nasu da addu'a suke tafiya. Aka zauna a rumfa. Aka gabatar da wanda zai gabatar da mai gabatarwa. Mai Girma ya tashi ya yi jawabi a kan muhimmancin tausaya wa talaka, ya daɗe yana yi, Inna Barira tana tsaye tana kallon ƙofarta. Da aka gama sai Sakatare ya ce shagon mace za a fara buɗewa, don duniya ta shaida.

Aka yaye ƙyalle, aka miƙa makulli. Mai Girma ya yi bismilla ya zura. Ya murɗa, shiru. Ya sake murɗawa, shiru.

Tun jiya da na kalli kwaɗon na ga abin da aka yi masa. Mutanenmu suna da wata ɗabi'a, in kwaɗo ya yi tauri sai a ɗiga masa man gyaɗa, wasu ma man shanu, kamar tuwo za a ci da shi. Kullum ina hana su, ko da yake rabin abincina daga nan yake fitowa. To Sakatare, don kada kwaɗo ya ba Mai Girma wahala, tun makon jiya ya sa aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka shayar da su man gyaɗa. Mai fenti ya zo ya shafe ƙofofi har da kwaɗon da ke rataye. Ƙurar titi ta shiga, rana ta dafa. Kwaɗo irin wannan dannawa ɗaya ya rufu, amma buɗewa sai Allah.

Mai Girma ya tattare hannun babbar riga ya sa ƙarfi. Ƙas! Rabin makulli a hannunsa, rabi a ciki. Makaɗa suka tsaya cak. Sakatare ya fara zufa har ta hula.

Sai Mai Girma ya waiwayo ya ce, "To a yanke mana! Garin nan babu mai gyara ne?"

Tafi ya ɓarke. Maroƙi ya ce wannan shi ne shugaba mai yanke shawara nan take. Ƙartin nan biyu na jiya su suka buɗa mini hanya, suna "A ba Baba wuri!" Yunusa ya riƙe mini kwaɗon, kansa a ƙasa. Aikin da aka hana ni jiya, na yi shi kafin mai shayi ya gama haɗa kofi guda. Ina gamawa wani mai baƙin tabarau ya ja ni gefe, wai ina tare hoto.

Mai Girma ya tura ƙofa. Warin da ya fito ya sa na gaba-gaba suka ja da baya. Kaji masu sauran kuzari suka fito suna tangaɗi, baki buɗe, suka nufi inuwar rumfa. Na ƙurya kuwa suna kwance a kan juna, 'yan tsakin nan ko ɗaya bai motsa ba. Fiye da rabi sun tafi, kuma mushe ne, ko yanka ba a samu yi ba balle a ci. Sakatare ya baza rigarsa ya tare bakin ƙofa don kada mai hoto ya hango. Inna Barira ba ta yi kuka ba. Ta raɓa ta gefensa ta shiga da buhu, ta fara tsince su ɗaya-ɗaya. Ni ne na kasa kallo, na ji kamar in haɗiye zuciya.

Ana cikin haka Sakatare ya tuna da al'ada, ba a sallamar babban baƙo hannu rabbana. Ya sa aka kamo manyan zakaru biyu cikin waɗanda suka tsira, aka ɗaure ƙafafunsu, ya ɗaga su sama ya sanar a lasifika cewa ga tukuici daga wadda ta ci gajiyar shirin, don nuna farin cikinta. Aka sake tafi. Mai Girma ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, har da ɗawainiya? An gode, Allah ya sa albarka a kasuwa."

Inna Barira ta fito da buhu a hannu, ta dubi zakarunta, ta rusuna.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba su ruwa a hanya. Sun sha wuya."

Ya ce in sha Allahu, aka rufe masa ƙofar mota.

Malam Iliyasu ya ce mini motar da aka sa zakarun tana da na'urar sanyi har a bayanta. To alhamdu lillahi. Kada wani ɗan adawa ya zo ya ce muku babu wanda ya ji daɗin shirin nan, ni shaida ne, zakaru biyu sun huta, aƙalla zuwa ƙofar kicin.