Bargon da Goggo Hajo Ta Yaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, ko da yake na so ƙwarai in manta. Shekara shida ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tuƙa tuwo, sai na ajiye muciya na ɗan zauna.

A Sabon Birni muke zaune, maigidana yana sayar da kayan gyaran babur, ni kuma ina koyarwa a firamare. Bisa al'ada gida ya kamata in tafi wankan haihuwar fari, to mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa. Sai dangin mijina suka aiko mini da ƙanwar mahaifinsa, Goggo Hajo, daga Turba. A bayan kabu-kabu ta zo, duk da hanyar da mutane ke tsoron bi, da ƙunshin kayanta da kanwa da kayan yaji. Tsohuwa ce siririya marar yawan magana. Abin da na sani game da ita bai wuce cewa ba ta da ɗa ko jika ba.

Ni kuwa na shirya wa jaririyar nan shiri na gani na faɗa. Na sayi bargo mai gashi irin wanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Nijar, da ƙananan matasai huɗu masu laushi, da wata 'yar tsana mai kunnuwan zomo. (Har gwaji na yi da ƙullin zane kafin in haihu, don in ga yadda za ta fito a hoto. Allah Ya shirye ni.)

Tun ranar farko muka fara sa-in-sa da Goggo, irin wadda ba a ɗaga murya. In na kwantar da yarinya cikin matasai na lulluɓe ta, ina juya baya sai in tarar an kwashe komai. Tana rigingine a kan 'yar katifa mai tauri a gefen gadona, cikin gidan sauro, daga ita sai rigar sanyi. In ina shayarwa a kwance bayan wankan rana, jiki ya mutu, ido ya fara lumshewa, sai in ji an taɓa ƙafata.

"Tashi zaune," in ji Goggo. "In kwana za ki, miƙo min ita."

Ba ta taɓa ba ni dalili ba, ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba. A raina na yanke hukunci cewa ƙauyanci ne kawai.

Ranar suna da la'asar gida ya cika da mata. Abokan aikina malamai su biyar suka shigo ɗaki. Na shimfiɗa bargon nan, na jera matasai, na kwantar da yarinya rub da ciki a tsakiya, na ja bargo har wuyanta. Ta yi barci abinta, ana ta ɗaukar hoto ana yaba tsarina, kaina yana ƙara girma.

Sai ga Goggo da ƙwaryar kunun kanwa. Ta dire ta a ƙasa har kunun ya fantsama. Ba ta gai da kowa ba, ta ratsa baƙi, ta yaye bargon ta jefar, ta juya yarinya, ta kai yatsa ƙarƙashin hancinta. Sai ɗaya daga cikin malaman ta ƙyalƙyale da dariya.

Dariyar nan ce ta kwance mini baki. Da muryar da nake tsawata wa 'yan aji uku na ce, "Haba Goggo! Wanga abu ya isa hakanan. Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, mi kinka sani ga renon jinjiri?"

Tsofaffin da ke bakin ƙofa suka sunkuyar da kai, wata ta ce, "Innalillahi." (Ni fa har lokacin ina tsaye da hannu a ƙugu, ina jiran a ce na yi daidai.)

Goggo ta gyara wa yarinya wuyan riga, sannan ta dube ni.

"Na haihu," ta ce a hankali. "Namiji na. Kwana goma sha biyu yay yi duniya. Lokacin ɗari na, anka hura min wuta ƙarƙashin gado, anka lulluɓe mu da gwado ni da shi. Ina ba shi nono kwana ya kwashe ni, da rana tsaka. Da na tashi yana ƙarƙashin hannuna, bai ko yi kuka ba. Tun daga shi Allah bai sake ba ni ba."

Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙo mini. "Sha kununki tun da zahi."

Na karɓa. Wallahi ban san abin da ya sa na karɓa ba, amma haka na tsaya a gaban jama'a da kwalliyar suna da ƙwarya a hannu, hawaye suna zuba cikin kunu. Malaman suka zame ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Daga baya na ji cewa dangi sun daina ambaton yaron ne shekaru arba'in da suka wuce don a rufa mata ciwonta, har yaran gidan suka tashi ba su san an yi shi ba. Abin da zuri'a guda ta ɓoye saboda tausayi, ni na tone shi a gaban baƙi saboda hoto.

Na zaci washegari za ta ɗaure kayanta. Da ta tafi ma da na fi samun sauƙi. Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da dafa mini ruwan wanka safe da yamma har na yi arba'in. Na durƙusa na roƙe ta gafara, ta ce, "Ba komai, na yahe miki." Na yarda ta yafe. Sai dai da "ɗiyata" take kirana, daga ranar na koma "Malama", kuma a haka ta rasu bayan shekara biyu.

Lokacin da na kai yarinya rigakafi, ma'aikaciyar asibiti ta jero mana yadda ake kwantar da jariri: rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba bargo mai nauyi, kusa da uwa amma ba a jikinta ba. Ina zaune a benci ina gyaɗa kai kamar yau na fara ji.

'Ya'yana uku yanzu, duk a haka suka yi barcinsu lafiya. Ni da nake koya wa yara su ɗaga hannu kafin su yi magana, sai da na zama uwa na koyi yin tambaya kafin in buɗe baki. In ka ga tsohuwa ta nace a kan abu ta ƙi faɗin dalili, ka bi ta a hankali, wataƙila dalilin nata yana kwance a maƙabarta.