Yadda Ake Kwance Ɗinkin Hammata Cikin Kwana Huɗu

Yanzu haka Famfo yana kwance a tsakiyar gidan motsa jiki, ƙarfe a gefensa, jini na bin farar rigarsa. Kai ma kana sha'awar irin wannan nasara? Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka kai mako ba.

1. Gyaɗa wa likita kai.
Shekara goma gumin hammata na kunyata Famfo, shi ya sa abokai suka laƙaba masa wannan suna. Aka yi masa tiyata, aka ɗinke. Likita ya ce mako shida, ko bokitin ruwa kada ya ɗaga. Ka ce "to, likita" kamar yadda Famfo ya ce. Ai "to" ba rantsuwa ba ce.

2. Zille wa uwargida.
"Baban yara, ina zuwa da takalmin gudu?"
"Kemis zan leƙa."
"Da farar riga?"
"Mara lafiya ba ya ado ne?"
Kada ka tsaya jin amsa.

3. Nuna kaya.
Me amfanin busasshiyar hammata in ba a gani ba? Ka shiga gidan motsa jiki da hannu sama, ka gaida kowa daga nesa.
"Kai, Famfo! An ɗauke ruwa ne?" in ji Mai Ƙirji, mai horar da masu ɗaga ƙarfe.
"Har abada."
"To zauna ka riƙe mana tawul. Wanda wuƙa ta taɓa ai sai kallo."

4. Ji haushi.
Nan ne aikin yake. Ka kwanta a benci, ka ce a ƙara nauyi. Abin da Famfo ya manta, likita ya faɗa masa gumi kan yi ƙaura ne kawai. Nasa ya koma gadon baya. Yana cira ƙarfen sama, bayansa ya sulɓe a kan ledar benci. Ɓarat! Ɗinki ya kwance, duka hammata biyu.

5. Kada ka ce ni na aike ka.
Ni dai rubutu na yi. Ɗinkinka, matarka da kunyarka duk naka ne.

Ana danna wa Famfo tawul, yana roƙon kada a kira gida, sai wata dattijuwa da ba wanda ya sani ta sauko daga keken motsa jiki. Ta duba raunin, ta zaro waya.

"Wannan aikin ɗana likita ne, na san ɗinkinsa. Bawan Allah, shi zan fara kira ko matarka?"