Madubin Baba da Lissafin da Na Kai Barnawa

Ko da zan manta da komai na karatuna, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Barnawa ba, ranar da mahaifina, mai aski a Makera, ya riga ni gane kuskuren da na tafka a kimiyya.

Lokacin ina digiri na biyu, aikina kuma duk a kwamfuta yake. Akwai wata dabara da ake kira Raman: a haska abu da hasken lesa, hasken da ya dawo ya tona ko mene ne. Matsalar ita ce dawowar ba ta da ƙarfi, don haka ake neman shimfiɗar da za ta ƙara mata ƙarfi, yadda ko ɗigon maganin ƙwari ne ya saura a ganyen alayyafo za a gano shi. Tawa shimfiɗar ta wani sinadari ce da ake kira girafin, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, na yayyafa mata azurfa. Ban taɓa riƙe ta a hannu ba, lissafinta kawai nake yi (a gida kuwa cewa suke ina haɗa sinadari, ni ma ban taɓa gyara musu ba).

Kwamfutata tsohuwa ce, ƙaramin lissafi sai ta kwana uku tana huci. Sai aka ce za a yi taro a Barnawa, a zaɓi ɗalibai biyu da za a ba damar aiki da wata babbar kwamfuta daga nesa. In ban samu ba, digirin nan sai dai in gama shi da furfura. Na ɗaura ɗamara.

Saura mako biyu, lissafi ya fito, ya nuna shimfiɗata ta ninka duk abin da na taɓa karantawa. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa. Ni tela na kira. Malamina yana tafiya, na ce ba sai na dame shi ba, gara ya ji labari a bakin mutane. Har na lallaɓa Baba ya rufe shago ya raka ni.

Ranar taron na tashi na zuba Turanci, ina nuna zane da sanda, ina satar kallon Baba yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Da na gama, wata dattijuwa cikin alƙalai, Dakta Rifkatu, 'yar Filato, ta cire tabarau.

"'Yata, wane fili kika bari sama da ƙasan shimfiɗar?"

Na ce, "Fili, Dakta?"

Ta hango Baba da hularsa, sai ta ci gaba da Hausa, ina jin don ta girmama shi. Da ma ba ta yi ba.

"Kwamfuta ba ta san shimfiɗa ɗaya ba. Maimaita ta take yi sama da ƙasa, kamar mutum ya zauna tsakanin madubi biyu. In ba ki bar sarari ba, sai su manne da juna. Abin da kika lissafa tuli ne, ba shimfiɗa ba."

Kafin maganar ta gama shiga kaina, na ji muryar Baba daga baya, cike da murnar ya gane karatu.

"Af! Wato kai ɗaya ta gani a madubi, ta ƙirga ashirin?"

Aka kwashe da dariya, har da mai riƙe da makirufo. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Sabon ɗinkin nan ya yi mini nauyi, gumi yana bin bayana, ga sanda a hannuna na rasa inda zan ajiye ta.

Zuciyata ta ce in sulale. Amma na tuna hucin kwamfutar da ke jirana a gida, sai na dake. Na ce, "Dakta, kuskurena ne, ban bar fili ba. Yaushe za a rufe karɓar aiki?"

Ta ce nan da kwana goma. Ta rubuta mini yawan sararin da ake bari a bayan takardar shirin taro, ta ce, "In ya fito, ko bai yi kyau ba, ki kawo shi yadda yake."

A keke-napep Baba sai haƙuri yake ba ni. "Uwata, ni fa na ɗauka taya ki nake yi."

Na koma na fara daga tushe. Wuta ta yi ta wasa da ni, sai na kwashi kwamfutar na kai shagon Baba saboda janareta. Kwana takwas ina zaune a lungu, gashi yana zuba kusa da ƙafata, madubin shagon guda biyu suna nuna mini fuskata sau ashirin. Masu zuwa aski duk sun ji labari, kowa sai ya tambaya, "Malama, yau kai nawa?"

Sakamakon ya fito ɗan mitsitsi, bai kai rabin abin da na yi wa ɗinki ba. Haka na kai shi, cikin tsohon hijabina. Dakta Rifkatu ta duba, ta ce wannan ta yarda da shi. Ni ce ta biyu a cikin biyun da aka zaɓa.

Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma abin da nake fara tambayarsu shi ne fili. Na kuma kafa wa kaina doka: duk ranar da lissafi ya yi mini daɗi fiye da kima, malamina zan fara kira. Tela ya jira.