Ƙwan Zabi a Bayan Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da asirina ya tonu a asibitin da nake aikin masinja a nan Kontagora ba. Yanzu da na fara iya rubutu a ajin manya, gara in faɗi labarin da kaina kafin a ƙara masa gishiri.

Akwai babbar kwamfuta a ɗakin kati, mai aiki da wata manhaja wai ita Linux, duk bayanan marasa lafiya a cikinta suke. Ni ke share ɗakin, na kuma lura bayanta na fitar da iska mai ɗumi, ba dare ba rana, don sola ce ke riƙe da ita. Ana haka yayata ta aiko min ƙwan zabi goma sha biyu daga Ibeto, kazar da ta fara kwancinsu kuwa muzuru ya cinye. Sai na zuba su a ƙwarya, na tura bayan kwamfutar, na toshe ko'ina da tsumma don kada ɗumin ya tsere. (Har yabon kaina na yi.)

Daga nan kwamfuta ta fara nauyi. Kati ɗaya sai a daɗe ana jira, layi har bakin ƙofa. Likita ya ɗora laifin a kan Madam Rifkatu, mai kula da kati, ya ce in ba a gyara ba ta nemi wani aikin.

Ranar Talata Injiniya Danladi ya zo. Ya buɗe wani baƙin shafi a fuskar kwamfutar yana ta rubutu, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Na share ɗakin sau uku.

"Baba, ƙasan nan za ka cinye ne?" in ji Rifkatu.

Injiniya ya ce ma'ajiya ba ta cika ba, babu kuma manhajar da ke cinye ƙarfin na'urar. Ya ƙara rubuta wani abu, sai ga lamba ja. Na karanta ta da kaina, casa'in da biyar. (Ranar na yi da-na-sanin iya karatu.)

"Zafi ne ya yi mata yawa, shi ya sa take rage gudu don kada ta ƙone," in ji shi. "Me ya toshe iskar?"

Na dubi Rifkatu, idonta ya yi ja. Na buɗe baki ke nan, sai muka ji "tsiyu, tsiyu" daga bayan kwamfuta.

Injiniya ya jawo ƙwarya a gaban Likita da marasa lafiya. Ɗan zabo ɗaya, jiƙe sharkaf.

"Nawa ne, ranka ya daɗe," na ce. "Madam ba ta sani ba."

Aka cire tsumma, kafin azahar layi ya ƙare. Rifkatu ta ci gaba da aikinta, ta kuma tafi da ɗan zabon, wai diyyar hawayenta. Har yau "Baban zabi" suke kirana.

Abin da na koya: in ka ji na'ura ta yi ɗumi, zazzaɓi take yi, ba kwanci ba.