Rasuwar La Porfiada, Akwatin Wasan Masunta

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, Ximena Arriagada Soto ta unguwar Cerro Barón a birnin Valparaíso na bakin teku tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar La Porfiada, wato Mai Taurin Kai, akwatin wasan bidiyon nan da ya daɗe tsaye a kusurwar ɗakin cin abincin Doña (wato Uwargida) Eduvigis, dab da inda masunta ke sauke kifi. Rai ya yi halinsa ranar Talata da la'asar, bayan doguwar jinya a hannun lauyoyi.

An haifi marigayiya a garejin Baltasar Cifuentes, abokin aikin Ximena tun suna jami'a. Shi ya haɗa jikinta da katakon tsohon kwale-kwale, Ximena kuma ta rubuta abin da ke cikinta. Wasan ba shi da wuyar ganewa: mutum ya kama filafili ya tuƙa kwale-kwale zuwa gaɓa, teku na tumbatsa. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta manta hannu. Duk wanda ya taɓa wasa da ita, takan riƙe salon tuƙinsa, ta mai da shi matuƙi a jirgin wanda zai zo bayansa. Haka mai gaggawa da malalaci da matsoraci suka taru a jirgi ɗaya, kowa da halinsa.

Mutuniyar kirki ce. Ba ta taɓa korar mashayi ko ɗan makaranta ba. An zuba mata romon kifi a ka, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta, girgizar ƙasa ta kayar da ita rub da ciki, aka ɗaga ta, ta yi “tiririm-tim” ɗinta na gaisuwa ta ci gaba da aiki. Idan jirgi ya kife takan yi “bulum”, sannan wani ɗan kuka kamar na tsuntsun teku, wanda masunta suka rantse dariya take yi musu. A cikin matuƙanta har da Don (wato Malam) Evaristo, mahaifin Ximena, wanda ya riga mu gidan gaskiya tuntuni amma bai daina karkata jirgi hagu ba. Ximena kan zo ta zauna gabanta ranar Lahadi, ta bar tsohon ya ɓata mata tuƙi, tana faɗa masa, “Baba, dama! Dama na ce!”

Game da ciwon ajali, Ximena ta nemi a rubuta shi yadda yake.

Lokacin da sunan wasan ya fara fita, labari ya zo cewa wata matashiya a birnin Concepción, Maite Huenchullán, tana gina wasan hawan dutse ita da abokanta, inda waɗanda suka hau a baya ke riƙe wa na baya igiya. Ba ta taɓa ganin La Porfiada ba. Tunani ne ya zo ɗaya. Amma tsoro ya kama Ximena. Ta je ta yi wa dabarar rajista, aka ba ta takardar mallaka, wadda ta hana kowa gina wasa mai riƙe hannun 'yan wasa sai da izininta.

Baltasar ya ce mata, “Xime, wannan wuƙa ce kika saya, ba garkuwa ba.”

Ta ce, “Kai dai ka ji da katakonka, kafinta.”

Ximena ta tura wa Maite lauya. Yarinyar ta kira ta a waya, ta ce, “Doña Ximena, dutse ne fa namu, ba ruwa ba. Ki zo ki gani da idonki.” Ximena ba ta je ba. Wasan dutsen bai fito ba, waɗanda suka haɗu a kansa kowa ya kama gabansa.

Bayan haka aiki ya yi wa Ximena da Baltasar ƙaranci. Wani kamfani na ƙetare ya nemi sayen takardar, ta sayar, ba ta tsaya an rubuta cewa La Porfiada za ta ci gaba da numfashi ba, don ba ta taɓa kawo wa ranta za a hana uwa 'yarta ba. Takardar ta yi ta sauya hannu har ta faɗa gun wasu da ba su taɓa gina wasa ba, sana'arsu kai ƙara. Suka bi masu ƙirƙira ɗaya bayan ɗaya, daga nan har birnin Bogotá na can wata ƙasa. Wasu suka cire dabarar, wasu suka rufe shago, wasu suka bar tunanin tun yana cikin kai. Da layi ya zo kan Ximena, kalmomin da aka karanta mata a kotu nata ne, ita ta zaɓe su, ta faɗaɗa su da gangan don kada kowa ya sami ƙofar zillewa.

An gwada yi wa marigayiya tiyata don ta kauce wa sharuɗɗan takardar. Aka cire mata ƙwaƙwalwar da ke riƙe hannu, aka zuba matuƙa na inji masu tuƙi daidai wa daida. Jirgi ya riƙa isa gaɓa lafiya lau, ba mai karkata shi hagu. Doña Eduvigis ta tsaya ta kalla, hannu a ƙugu, ta ce, “'Yata, wannan ba ita ba ce. Ki bar wahalar da gawa.” Ximena ta durƙusa bayan akwatin ta zare waya da hannunta. Marigayiya ba ta yi wani sauti ba.

Ta rasu ta bar Baltasar, wanda har yau bai ce “na faɗa miki” ba, abin da ya fi damun Ximena ke nan. Ta bar Doña Eduvigis da wani fili a kusurwa da ta hana a sa teburi. Ta bar matuƙa masu ɗimbin yawa kulle cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, waɗanda doka ba za ta bari su koma ruwa ba sai wa'adin takardar ya cika, shekaru masu yawa nan gaba. Tsofaffin masunta sun yi lissafi, sun ce su kam ba za su kai lokacin ba, a gaishe musu da marigayiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan jiragen safe sun dawo. Masunta za su ɗauki akwatin a kafaɗa, su hau da shi tudu zuwa garejin da aka haife ta, a lulluɓe ta da tsohuwar koma. Daga nan a dawo ɗakin Doña Eduvigis, akwai miyar kifi da burodi. Kada a kawo furanni. Masu ta'aziyya su yi wa Baltasar da Doña Eduvigis. Ximena ta roƙa kada a yi mata, ba za ta zauna cikin masu makoki ba, tana bakin ƙofa a tsaye.

An gayyaci Maite Huenchullán, wadda yanzu take koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. Ximena da kanta ta kira ta, ta ce duk abin da take son faɗa a gaban jama'a ta zo ta faɗa, ba mai katse ta. Maite ta ce, “Zan zo. Amma ki ƙaro kujeru, Doña Ximena. Ba ni kaɗai takardarki ta cuta ba, kuma sauran duk na san inda suke.”

An aro kujeru daga coci. Allah ya ba mu haƙurin rashi.